Faifan Istina na 1985: masu tace waƙa ba su hango komai ba

Lokacin da Bora Đorđević, jagoran ƙungiyar makaɗan rok ta Riblja Čorba, ya rasu a birnin Ljubljana na ƙasar Slobeniya ranar 4 ga Satumba, 2024, mutanen ƙasashen da a da suke cikin tarayyar Yugoslabiya ba su yi masa shaida iri ɗaya ba. Wasu sun tuna da mawaƙin da ya riƙa yi wa jam'iyyar gurguzu zambo a lokacin da mutane da yawa suka kama bakinsu, wasu kuma sun tuna da mutumin da ya ɗaure wa masu ƙabilancin Sabiya gindi a shekarun yaƙin da ya wargaza tarayyar bayan 1991. Duka shaidun biyu gaskiya ne. Daga haɗuwarsu ne kuma wata hujja take saurin zuwa wa mutum, wato tunda mawaƙin ya ƙare a inda ya ƙare, ashe waɗanda suka yi ta ƙoƙarin toshe masa baki a shekarun 1980 sun hango abin da sauran jama'a ba su hango ba. Ban yarda da wannan hujja ba, kuma a ganina babu inda ya fi dacewa a auna ta kamar kundin waƙoƙin da ƙungiyar ta fitar a 1985 mai suna Istina, ma'ana gaskiya, domin a kansa ne aka ga a fili abin da masu tacewa suke jin tsoro da abin da bai dame su ba.

An kafa Riblja Čorba a Belgrade a 1978, kuma cikin 'yan shekaru ta zama ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da suka fi kowa cika filin wasa a ƙasar. Kiɗanta rok ne mai nauyi, na jita biyu da jitar bes da ganguna, ba tare da wani ado mai yawa ba, amma abin da ya sayar da ita shi ne baitocin Đorđević, wanda aka haifa a garin Čačak a 1952. Da harshen kan titi yake rubutu, yana ba da labarin mashaya da ma'aikatan da albashinsu ba ya kai su ƙarshen wata da auren da ya mutu ana zaune a gida ɗaya, kuma yana da kaifin baki wajen habaici. Ƙasar da yake yi wa waƙa kuwa ta riga ta fara tangal-tangal. Shugaban ƙasar, Tito, ya rasu a watan Mayun 1980 ya bar bashin waje na kusan dala biliyan 20, zanga-zanga ta ɓarke a Kosovo a 1981, kofi da omo da man fetur suka yi wuyar samu, marasa aikin yi suka haura miliyan ɗaya, alhali jawaban shugabanni ba su sauya ba ko da kalma ɗaya.

Ya kamata a fahimci yadda ake tace waƙa a wannan ƙasa, domin ba irin ta Tarayyar Sobiyet ba ce. Babu wani ofishi guda ɗaya da kowane mawaƙi zai kai baitocinsa a buga masa hatimi. Kamfanonin faifai ba na 'yan kasuwa masu zaman kansu ba ne, kuma editocinsu ne suke yanke abin da zai fita, kowannensu yana lissafin abin da zai same shi idan wani babba a jam'iyya ya ji waƙar ransa ya ɓaci. Akwai kwamitin da yake iya ayyana faifai a matsayin shirme marar amfani ga al'umma, abin da ke jawo masa ƙarin haraji ya sa farashinsa ya tashi. Akwai ƙungiyoyin 'yan mazan jiya da na matasan jam'iyya, waɗanda wasiƙarsu ɗaya takan isa a soke wasa. A can bayan duk waɗannan kuma akwai sashe na 133 na dokar manyan laifuka, wanda ya tanadi ɗauri a kan abin da aka kira farfagandar maƙiya, ko da da baki aka furta ta. Saboda kundin tsarin mulki na 1974 ya ba jamhuriyoyi shida na tarayyar iko mai yawa, abin da aka ƙi a Zagreb, babban birnin Kuroshiya, ana iya karɓarsa a Belgrade, babban birnin Sabiya da na tarayyar, kuma wannan ƙofa ce ta ceci Istina.

Kafin a zo kansa, ƙungiyar ta riga ta ɗanɗani rigima sau biyu, kuma bambancin da ke tsakanin rigingimun biyu yana da muhimmanci. Ta farko ta biyo bayan kundin Mrtva priroda na 1981, inda wani baiti ya ce wawaye ne suke mutuwa saboda aƙida. 'Yan mazan jiya da wasu ƙungiyoyin matasa suka ɗauki wannan a matsayin cin zarafin waɗanda suka ba da rayukansu a Yaƙin Duniya na Biyu, suka nemi a haramta faifan, har sai da Đorđević ya rubuta bayanin abin da yake nufi kafin a bar shi ya hau dandali a Sarajevo, babban birnin Bosniya. Ta biyu ta zo a 1984, lokacin da wata waƙa ta jera 'yan fasa-ƙwauri na Girka da ɗaliban Larabawa da yara masu laifi da mahaukatan karnuka a numfashi ɗaya, abin da ya sa ofisoshin jakadancin wasu ƙasashen Larabawa da na Zaire suka kai ƙorafi. Ana iya cewa mawaƙin yana kwaikwayon harshen jaridun gwamnati ne domin ya yi masa ba'a, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma ɗalibin da ya baro Bagadaza ko Kinshasa ya zo karatu Belgrade yana da cikakken dalilin jin cewa an wulaƙanta shi. Idan har akwai baitin da ya nuna alamar raina baƙo a ayyukan ƙungiyar na wancan lokaci, to wannan ne. An yi ta sukarsa bayan ya fito, amma ya fito, kamfanin Jugoton na Zagreb ne ma ya buga shi.

Shekara guda bayan haka, wannan kamfani na Jugoton ya ƙi buga waƙoƙi huɗu daga cikin waɗanda aka shirya wa Istina. Ƙungiyar tana cikin mawuyacin hali a lokacin, domin makaɗan jitarta biyu, Momčilo Bajagić da Rajko Kojić, sun tafi, Bajagić ya kafa tasa ƙungiyar tana ta samun karɓuwa, masu sharhi da dama kuma sun riga sun yi wa Riblja Čorba jana'iza. Vidoja Božinović da Nikola Čuturilo ne suka maye gurbinsu, aka kuma sake ɗauko John McCoy, Baturen Ingila da ya kaɗa bes a ƙungiyar Gillan, ya tsara sautin faifan. Da Jugoton ya ƙi, sai suka koma wurin PGP-RTB, reshen buga faifai na gidan rediyo da talabijin na Belgrade. Shi ma bai karɓi komai da komai ba. Ya cire waƙa ɗaya gaba ɗaya, Snage opozicije, wadda take magana a kan 'yan adawa a ƙasar da a hukumance babu 'yan adawa, sannan a wata waƙar aka sauya wani baiti da ya haɗa sunan Yugoslabiya da kukan dila a kan dutse.

A duba abin da aka ji tsoro. Waƙa ce a kan adawa, da waƙa a kan wawan sarki, da baiti ɗaya da ya yi wa sunan ƙasa gatse, da wata waƙa mai kuka a kan zalunci. Babu ko ɗaya a cikinsu da take zagin Kuroshiyawa ko Musulmin Bosniya ko Albaniyawan Kosovo. Sannan a duba abin da ya wuce ba tare da an hana ba. Bangon faifan, wanda Jugoslav Vlahović ya tsara, ya sanya fuskokin makaɗan a cikin ƙoƙunan kawunan hasumiyar Ćele Kula ta birnin Niš, wadda sojojin Daular Usmaniyya suka gina da kawunan 'yan tawayen Sabiya 952 bayan yaƙin Čegar na 1809. Ba na cewa bangon laifi ne. Hasumiyar tarihi ce, 'yan makaranta ma ana kai su su gani, kuma ana iya karanta hoton a matsayin ba'ar ƙungiyar da aka ce ta mutu. Abin da nake cewa shi ne, da a ce editocin nan masu hangen nesa ne da suke neman alamun kishin ƙabila, to hoton da ya ɗora mawaƙa a cikin shahidan Sabiya ya fi cancantar su tsaya a kansa fiye da gatsen da aka yi wa jam'iyya. Ba su tsaya ba, saboda ba wannan suke nema ba. Abin da suke tambayar kansu shi ne ko wannan baiti zai sa a kira su daga ofishin jam'iyya gobe da safe.

Ɗaya daga cikin waƙoƙi huɗun da Zagreb ta ƙi ita ce Pogledaj dom svoj, anđele, wadda mujallar Rock Express ta sanya a matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin rok 100 mafi kyau na Yugoslabiya a shekarar 2000. Waƙa ce mai tafiya a hankali, mai nauyin sauti, inda mawaƙin yake kiran mala'ika ya dubi gida ya ga talauci da wahala da mugayen da suke cin karensu babu babbaka, ya kuma zare takobi. Ina ganin ta cancanci matsayin da aka ba ta, kuma ina ganin a cikinta ne ƙarfin Đorđević da haɗarinsa suke zaune tare. Waƙar ba ta ambaci sunan azzalumin ba. Matashin da ya ji ta a 1985 yana tsaye a layin sayen kofi ya san wanda ake nufi, wato masu manyan motocin gwamnati. Amma fushin da ba a sa masa suna ba kowa yana iya cika masa sunan da ya ga dama, kuma shekaru shida bayan haka akwai 'yan siyasa da suka shirya tsaf domin su gaya wa wannan matashi cewa azzalumin nasa maƙwabcinsa ne mai wani addini. Wannan ba aibin waƙar ba ne, kuma hana ta fita ba zai rage fushin da ko ƙwayar zarra ba. Abin da zai iya rage shi shi ne ƙasar da ake iya kiran ɓarawon gwamnati da sunansa a jarida a kuma kayar da shi a zaɓe, kuma ita ce ainihin abin da masu tacewa suke aikin hanawa.

Za a iya ce mini na yi wa gwamnatin gurguzu rashin adalci, domin ta yaƙi ƙabilanci da gaske, taken ta ma 'yan'uwantaka da haɗin kai ne, kuma ta ɗaure mutane a kan hakan. Wannan gaskiya ne. An yanke wa Franjo Tuđman ɗaurin shekara 3 a 1981. An yanke wa Alija Izetbegović shekara 14 a shari'ar Sarajevo ta 1983 saboda rubuce-rubucensa a kan Musulunci da siyasa. An yanke wa Vojislav Šešelj shekara 8 a 1984. Sai dai wannan jeri da kansa yana nuna matsalar. Mutum uku ne da ra'ayoyinsu da halayensu suka yi hannun riga, amma doka ɗaya ta zuba su a kwando ɗaya, tare da masana masu neman dimokuraɗiyya da aka gurfanar a Belgrade a 1984, tare da ƙungiyar Zabranjeno Pušenje ta Sarajevo da aka soke wa wasanni da dama saboda wata barkwanci da aka fassara a matsayin ba'a ga marigayi Tito. Gwamnatin da ba ta iya bambance mai barkwanci da mai neman gyara da mai hura wutar gaba ta koya wa talakawanta su ma kada su bambance. Kuma dukkan mutanen uku sun fito daga kurkuku da kwarjinin da ba su da shi kafin su shiga: biyun farko sun zama shugabannin ƙasashen Kuroshiya da Bosniya, na ukun ya jagoranci jam'iyyar masu tsattsauran ra'ayi da mayaƙan sa-kai, daga baya kotun duniya ta same shi da laifi.

A nan ne nake ganin babbar ɓarnar da tacewa ta yi a labarin Đorđević. Kowace waƙa da aka cire ta ƙara masa daraja a idon jama'a a matsayin mutumin da ba ya tsoron faɗin gaskiya. Jaridu sun buga baitocin Snage opozicije, mutane suka karanta abin da aka hana su saurara, har waƙar ta fi shahara a ɓoye fiye da yadda wataƙila za ta yi a kan faifai. Sai a 1997 aka fitar da ita a wani kundi na tattara tsofaffin waƙoƙi. A 1987 an shigar da ƙara a kansa saboda baitocin da ya karanta a bainar jama'a a Belgrade, kotu ta yi watsi da ƙarar, ya fito ya ƙara girma. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 ya tara amanar da babu wani ɗan siyasa da yake da irinta a wurin matasa, kuma ba don an gwada ra'ayoyinsa a muhawara an ga ingancinsu ba, sai don an ga hukuma tana jin haushinsa. Da a ce an bar shi ya faɗi duk abin da yake so tun farko, masu sharhi kuma suna da 'yancin mayar masa da martani ba tare da a ɗauke su a matsayin 'yan koren jam'iyya ba, da mutane sun saba ganinsa a matsayin mawaƙi mai basira wanda wani lokaci yakan yi daidai wani lokaci kuma yakan yi shirme. Amma a ƙasar da sukar Đorđević take daidai da goyon bayan masu tacewa, mutanen kirki da yawa sun gwammace su yi shiru a kan baitin ɗaliban Larabawa.

Akwai kuma wani lahani da tsarin jamhuriyoyi ya ƙara. Idan kamfanin Zagreb ya ƙi waƙar mawaƙin Belgrade, sannan kamfanin Belgrade ya karɓi uku daga cikin huɗun, abu ne mai sauƙi a shekarun da suka biyo baya a sake ba da labarin a matsayin Kuroshiyawa sun danne ɗan Sabiya, ko da kuwa abin da ya faru bai wuce wani edita ya fi wani edita tsoro ba.

Abin da Đorđević ya yi da wannan amana bayan 1991 ba ya bukatar a yi masa kwaskwarima. Ya goyi bayan dakarun Sabiyawa a Kuroshiya da Bosniya a fili. Lokacin da wani mawaƙin Zagreb ya yi waƙar baƙin ciki a kan abokantakar da yaƙi ya raba tsakaninsa da abokinsa na Belgrade, Đorđević ya mayar masa da martani da waƙar izgili da barazana. Wannan ya faru ne a shekarun da aka yi wa Sarajevo ƙawanya, yaƙin da ya kai ga kisan maza da yara Musulmi kusan 8,000 a Srebrenica a watan Yulin 1995. Ba za a ce ba shi da zaɓi ba, domin a 1992 wasu makaɗan rok na Belgrade, tsararrakinsa, sun haɗu sun hau bayan babbar mota suna zagaya titunan birnin suna kiɗan adawa da yaƙi. Gaskiya ne ya yi adawa da shugaban Sabiya Slobodan Milošević, kuma waƙar da ya yi wa matar shugaban zambo a cikinta ta zama ta bakin masu zanga-zangar 1996 zuwa 1997, amma adawa da mai mulki ba ta wanke mutum daga abin da ya faɗa a kan maƙwabtansa. Wanda ya ƙi sauraron Istina a yau saboda ya rasa ɗan'uwa a garin Vukovar na Kuroshiya ko a Sarajevo ba ya bukatar ya nemi uzuri a wurin kowa.

Sai dai hukuncin da mai sauraro ya yanke wa mawaƙi bayan ya ga aikinsa daban yake da ikon da hukuma take ba kanta na yanke wa jama'a abin da za su ji, kuma hujjar rigakafi ya fi magani ba ta aiki sai idan mai rigakafin amintacce ne. Gidan rediyo da talabijin na Belgrade, wanda reshensa ya ga baiti ɗaya a kan dila ya yi tsauri da yawa a 1985, shi ne ya zama babbar kafar farfagandar yaƙi a shekarun 1990, yana shiga kowane gida da labaran da suke mayar da maƙwabta dodanni, har a 2011 hukumar gudanarwarsa ta fito ta nemi gafarar jama'ar Sabiya da na ƙasashe maƙwabta a kan cin mutunci da kalaman ƙiyayya da aka watsa a wancan lokaci. Gidan bai sauya ɗabi'a ba tsakanin 1985 da 1992. A duka lokutan biyu yana watsa abin da mai mulki yake so, yana kuma danne abin da ba ya so. Mai mulkin ne ya sauya abin da yake so.

Ba na cikin masu cewa babu iyaka ga abin da mawaƙi zai rera. Kiran a kashe mutane ko a kore su daga gidajensu saboda ƙabila ko addini laifi ne, ko a waƙa aka yi shi ko a huɗuba ko a jawabin siyasa, kuma wurin hukunta shi kotu ce, a bainar jama'a, da doka rubutacciya wadda ta fayyace laifin, bayan an ji ta bakin wanda ake tuhuma. Babu ko waƙa ɗaya a Istina da za ta faɗa ƙarƙashin irin wannan doka, kuma waƙar 1984 da ta ɓata wa ɗaliban ƙasashen waje rai abin da ya dace da ita shi ne martani mai zafi a jaridu daga mutanen da ba a zarginsu da yi wa jam'iyya aiki. Wasu daga cikin kalaman shekarun yaƙi kuwa, nasa da na wasunsa, sun fi kusa da iyakar, kuma su ne babu wata hukuma a Belgrade da ta ɗaga wa yatsa.

Đorđević da kansa bai ɗauki darasin abin da aka yi masa ba. A 2004 ya karɓi babban muƙami a ma'aikatar al'adu ta Sabiya a gwamnatin Vojislav Koštunica, kuma a shekarar da ta biyo baya dole ta sa ya ajiye shi, bayan ya zargi 'yan jaridar gidan rediyo da talabijin na B92 da cin amanar ƙasa, kusan irin tuhumar da 'yan mazan jiya suka yi masa a kan kundin 1981.